Yadda za ku gina hasumiyar fitilar teku da laka tare da 'yan lakwal

A Damagaram ba mu da teku, shi ya sa idan yara suka ga hoton doguwar hasumiyar fitilar teku, wadda ke nuna wa jiragen ruwa hanya da dare, a littafi sai su ce: "Mushe, ta masallaci ce?" Ba su yi nisa da gaskiya ba, don Larabawa da sunan manara suke kiran su duka biyun. Na lura bayanin baki ba ya zama a kansu sai sun taɓa laka da hannunsu. Ga yadda muke yi.

A tanadi laka mai danƙo, ƙaiƙayi, faffaɗan dutse, farar ƙasa, kwali, ƙaramar tocila da farar kwalba.

A fara da dutsen, irin na Birni, a girke shi ya daina motsi. Kan fā ake kafa irin wannan gini don kada igiyar ruwa ta zaizaye ƙarƙashinsa. Ta Iskandariya a Masar, wadda aka gina a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa a tsibirin Faros, ta haura mita 100, kuma ba ruwa ne ya ci ta ba, girgizar ƙasa ce. A wurin ne Sarki Ƙaitabai ya gina sansaninsa wajen 1477.

Sai a kwaɓa laka da ƙaiƙayi ta kwana, a yi ƙananan tubala kamar ɗan yatsa, su sha iska.

Gindi shi ne aikin, kuma nan nake so a daɗe. A jera tubalan a da'ira mai faɗi, kada a bar rami a tsakiyar layukan farko. Kowane layi ya hau kan haɗin na ƙasa da shi, kada haɗi ya faɗa kan haɗi. Ana hawa ana tsuke da'irar kaɗan-kaɗan, kamar yadda hasumiyar masallacin Agadas take. Haka injiniya Jon Simiton ya yi a Edistan ta Ingila a 1759, bayan ruwa ya tafi da hasumiyar farko da aka gina a wurin, wuta kuma ta cinye ta biyu. Ya kwaikwayi gindin babban icce, ya sassaƙa duwatsu kowanne yana shiga cikin ɗan'uwansa, ya haɗa su da farar ƙasa mai daskarewa ko cikin ruwa. Yara za su ƙosa su kai sama. A hana su. Layi uku a rana ya isa, in ba haka ba ɗanyar laka za ta karkace.

Daga tsakiya a bar ciki fanko, a huda 'yan tagogi masu zagayawa don nuna inda matakala take bi.

Me ya sa tsawo? Saboda duniya a dunƙule take, mai jirgi ba ya hango abin da ke ƙasa-ƙasa daga nesa. Ta tsibirin Biyerj a Faransa, da aka gama a 1902, mita 82 da rabi ce, kuma fitila mai irin wannan tsawo ana iya hango ta daga sama da kilomita 30.

A ƙoli a ɗora tocila, a sa kwalba cike da ruwa a gabanta. Ruwan zai tattara hasken wuri ɗaya, kusan irin aikin gilashin da masani Ogustan Firenel ya ƙirƙiro, wanda aka fara sa wa hasumiyar Kordowan ta Faransa a 1823. A naɗe kwali a kewaye, a yanka masa tsaga ɗaya, yaro ya riƙa juya shi a hankali. Kowace hasumiya da nata salon ƙyaftawa, da shi matuƙi yake gane gaɓar da ya dosa.

Idan ta bushe a shafe ta da farar ƙasa. Bayan isha'i a fito da ita filin lakwal, a tura yara can ƙarshen fili su ƙirga daƙiƙa nawa ke tsakanin haske da haske.