Yadda na gyara taraktar da ke ƙin tashi da sanyin asuba

Tarakta ce Massey Ferguson 135 mai injin Perkins, a Filato, tsakiyar hunturu. Da rana bugu ɗaya take tashi, amma da asuba sai kik ya riƙa juyawa da ƙyar, farin hayaƙi na fita. Farin hayaƙin nan shaida ce cewa man dizal na shiga, zafin da zai kunna shi ne babu.

Na fara da batir. Mita ta nuna bolt 12.1, alhali cikakke 12.6 ne. Na yi masa caji, na kankare farin dattin da ya taru a kawunansa, na ɗaure tam.

Ainihin ciwon yana wajen hita, wato Thermostart, na'urar ɗumama iska da ke bututun shigar iska. Na riƙe makulli a wurin ɗumama daƙiƙa 15, na taɓa bututun, sanyi ƙalau. Wutar lantarki na zuwa, hitar ce ta ƙone. Na sa sabuwa.

Baƙin mai kuma SAE 40 ne, yana kauri da sanyi, na koma 15W-40.

Kada a fesa fetur a bututun iska, musamman hita na kunne, yana iya kamawa da wuta. In ta tashi, a bar ta minti 5 kafin a ɗora mata garma.