Yadda ake hasashen masu cin Grammy a kiɗan rawa na lantarki, da yadda ake tace sababbin waƙoƙi

A bikin Grammy na 2024, da aka buɗe sabon rukunin Best African Music Performance, 'yan Najeriya da yawa sun riga sun gama lissafi cewa kambun na gida ne, tunda a cikin waƙoƙi biyar da ke takara huɗu na su Davido ne da Burna Boy da Ayra Starr da kuma Asake tare da Olamide. Sai ga Tyla ta Afirka ta Kudu ta ɗauke shi da waƙarta "Water". Wanda ya san masu zaɓen bai yi mamaki ba, domin waƙar ta shiga goman farko a jadawalin Billboard Hot 100 na Amurka, kuma a can ne yawancin masu kaɗa ƙuri'ar suke. Duk hasashe daga nan yake farawa.

Mataki na farko: san wanda ke riƙe da ƙuri'a

Grammy ta ƙungiyar Recording Academy ce, an fara ba da ita a 1959. Masu zaɓe su ne mambobin ƙungiyar, fiye da mutum 10,000: mawaƙa, marubuta waƙa, furodusoshi da injiniyoyin sauti. Mai saurare ba shi da ƙuri'a ko ɗaya, komai yawan hayaniyar magoya baya a X ko Instagram. Ka kwatanta da jerin Top 100 DJs na mujallar DJ Mag, inda jama'a ke zaɓe ta intanet. A can mai tarin mabiya ne ke hayewa, shi ya sa za ka ga Martin Garrix da David Guetta suna ta karɓa-karɓa a matsayi na ɗaya. In ka ɗauki ma'aunin DJ Mag ka ɗora wa Grammy, hasashenka zai wargaje tun kafin a fara.

Akwai ƙa'idoji biyu da ya kamata su zauna a kanka. A 2021 ƙungiyar ta soke kwamitocin sirri da a da suke tace sunayen 'yan takara a yawancin rukunai, bayan ce-ce-ku-cen da ya biyo bayan ƙin saka The Weeknd ko a rukuni ɗaya. Saboda haka tarihin da ya gabaci wannan shekara a yi amfani da shi da taka-tsantsan. Ta biyu, bayan manyan rukunai na kowa da kowa, kowane mamba yana iya zaɓe a rukunai goma ne kawai, cikin fannoni uku. Wannan yana rage masu zaɓar abin da ba su sani ba, amma bai kawar da su ba.

Mataki na biyu: duba kalanda da rukuni

Kowace shekara akwai wa'adin fitar da waƙa. Na bikin 2025 ya fara daga 16 ga Satumba 2023 zuwa 30 ga Agusta 2024. Waƙar da ta fito bayan an rufe, ko ta cika duniya, sai shekara mai zuwa. Mutane da yawa a nan suke tuntuɓe. Zagayen farko na zaɓe ana yin sa a Oktoba, a bayyana 'yan takara a Nuwamba, zagayen ƙarshe kuma daga Disamba zuwa farkon Janairu. Abin da ya faru bayan an rufe zaɓe ba ya canja komai, don haka waƙar da ta yi tashe a ƙarshen Janairu ta makara.

Rukunan da suka shafi kiɗan rawa na lantarki huɗu ne: Best Dance/Electronic Recording na waƙa guda, Best Dance/Electronic Album na kundi, Best Dance Pop Recording da aka ƙirƙiro a 2024, sai Best Remixed Recording na waƙar da aka sake wa kiɗa. Ƙirƙiro na ukun ya sauya lissafi sosai. A 2023 Beyoncé ta ci rukunin farko da "Break My Soul", ta kayar da furodusoshin da wannan kiɗa ne sana'arsu. Daga 2024 irin waɗannan manyan mawaƙa sun samu nasu ɗakin, inda Kylie Minogue ta fara ci da "Padam Padam", aka bar ɗayan ga masu haɗa kiɗa. Kafin ka rubuta suna, tabbatar a wane ɗaki aka saka shi.

Mataki na uku: auna 'yan takara da maki

Rubuta sunaye biyar ɗin a takarda, ka ba kowane maki. Wannan tsarin auna ne kawai, kana iya gyara shi da ƙwarewarka, amma jerin nauyin yana da dalili.

Maki uku ga wanda sunansa ya fito a manyan rukunai na wannan shekarar, wato kundin shekara, waƙar shekara ko sabon mawaƙi. Wannan ita ce alamar da ta fi kowace ƙarfi, domin tana nuna cewa mambobi daga kowane fanni sun san aikin. Daft Punk sun ci rukunin kundi a 2014, a daren da suka ci kundin shekara da "Random Access Memories". Beyoncé ta ci rukunin kundi da "Renaissance" a 2023, lokacin da yake takarar kundin shekara. Fred again.. yana takarar sabon mawaƙi a 2024 lokacin da ya ci. A 2025 "Brat" na Charli XCX ya kara da kundayen Four Tet, Justice, Kaytranada da Zedd, kuma shi kaɗai ne a cikinsu ke takarar kundin shekara. Wanda ya lura da wannan ya gama aikinsa cikin minti ɗaya.

Maki biyu ga wanda ya taɓa cin Grammy, musamman a wannan fanni. Masu zaɓe suna komawa ga sunan da suka sani. Skrillex ya kwashi uku a 2012 kuma tun daga nan duk lokacin da sunansa ya bayyana sai an yi hattara da shi. Maki ɗaya ga wanda masu sharhi suka yaba, abin da za ka gani a shafin Metacritic da jerin ƙarshen shekara na mujallu irin su Mixmag da Pitchfork. Maki ɗaya ga wanda ya yi tashe a Amurka, ta jadawalin Billboard ko manyan wasanni irin na Coachella. Maki ɗaya kuma ga waƙar da ta haɗa sanannun sunaye daga fannoni biyu, kamar yadda Justice da Tame Impala suka ci a 2025 da "Neverender", tunda kowane suna yana jawo nasa mutanen.

Idan babu ko ɗaya a cikin biyar ɗin da ya shiga manyan rukunai, a nan aikin yake da wuya, kuma a nan ne yawan saurare yake yaudarar mutum. A 2022 Black Coffee, DJ ɗan Afirka ta Kudu, ya ci rukunin kundi da "Subconsciously" alhali Marshmello da Major Lazer suna cikin takara, waɗanda suka fi shi masu saurare nesa ba kusa ba. Abin da ya rinjaya shi ne girman da abokan sana'a suke ba shi da kuma tsaftar aikin. A irin wannan shekara, tambayi kanka wane kundi ne injiniyan sauti zai saka a situdiyo ya ji ba abin gyarawa.

Akwai maganar rabuwar ƙuri'a, wato idan mutum ɗaya yana da waƙa biyu a rukuni guda sai magoya bayansa su kasu. Tana faruwa, amma kada ka ɗauke ta doka. A 2024 Fred again.. yana da hannu a waƙoƙi biyu na rukunin waƙa guda, kuma "Rumble" da ya yi da Skrillex da Flowdan ta ci duk da haka.

Da ka gama, rubuta abu uku daban-daban: wanda zai ci, wanda zai iya ba da mamaki, da wanda a ganinka ya cancanta. Raba su yana hana son zuciya shiga lissafi. Sannan ka leƙa shafin Gold Derby ka ga inda masu hasashe suka karkata, amma bayan ka rubuta naka, don kada ka zama mai kwafe. Wannan duk nishaɗi ne da wasa ƙwaƙwalwa, kada a mayar da shi caca. Yawancin waɗannan kyaututtuka a bikin share fage ake raba su, wanda ake nunawa a YouTube da misalin ƙarfe tara da rabi na dare agogon Najeriya da Nijar. Babban bikin sai ƙarfe biyu na dare.

Mataki na huɗu: tattara sababbin waƙoƙi ranar Juma'a

Ba da shawarar abin da za a saurara aiki ne na daban. A can kana karanta zukatan masu zaɓe, a nan kunnenka ne da sanin wanda za ka tura wa.

Tun Yuli 2015 kamfanonin waƙa na duniya suka tsayar da Juma'a ranar fitar da sabon aiki. Fara da Release Radar na Spotify, wanda yake sabuntawa ran nan bisa mawaƙan da kake bi. Matsalarsa ita ce yana dawo maka da irin abin da ka saba ji, don haka kada ka tsaya nan. Shiga Beatport ko Traxsource, kasuwannin da DJ-DJ suke sayen waƙa, ka zaɓi salo ɗaya ka saurari ɗanɗanon da ake bayarwa kyauta. Shafin 1001Tracklists yana nuna waƙoƙin da manyan DJ suka saka a wasanninsu, sau da yawa kafin su fito kasuwa. Hanyar da ta fi duka inganci ita ce bin kamfanonin da ka yarda da kunnensu: Defected a salon hawus, Drumcode a tekno, Hospital Records a diram-an-bes, Keinemusik da Soulistic a hawus mai ɗanɗanon Afirka. Tara waƙoƙi 25 zuwa 30 a jeri guda. Fiye da haka kunne yana gajiya, komai ya koma iri ɗaya.

Mataki na biyar: saurare da tacewa

Kada ka yanke hukunci da sifikar waya. Ran wannan kiɗa yana cikin amon ƙasa, tsakanin hertz 40 zuwa 100, kuma ƙaramar sifikar waya ba ta iya fitar da shi. Amapiyano a waya tsirara kamar miya ce ba gishiri: wannan gangar mai kauri da ke girgiza ƙirji a wurin biki sai ta koma ƙyas-ƙyas. Sa abin kunne mai kyau, ka daidaita ƙara a kusan kashi 60 cikin 100, kuma kada ka taɓa ta daga waƙa zuwa waƙa, domin duk abin da ya fi ƙara kunne yana ɗaukarsa ya fi daɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce desibel 80 na sa'o'i 40 a mako shi ne iyaka ga babban mutum, abin da ya wuce haka yana cin ji a hankali.

Sai ka san saurin kiɗan. Ƙirga bugun ganga na daƙiƙa 15 ka ninka sau huɗu. Amapiyano yana kusa da bugu 110 zuwa 115 a minti, hawus 120 zuwa 128, tekno yakan haura 130, diram-an-bes kuma wajen 174. Wannan lamba tana gaya maka inda waƙar za ta dace.

Wannan kiɗa a jere ake gina shi, gaɓa-gaɓa, kowace gaɓa bugu huɗu, kuma sauyi yana zuwa bayan gaɓa 8, 16 ko 32. A saurin 124, gaɓa 32 kusan minti ɗaya ke nan. Shi ya sa doguwar siga, mai minti shida ko bakwai, take farawa da ganga zalla: an bar wa DJ fili ne ya haɗa ta da waƙar da ke ƙarewa. Wanda bai san haka ba zai ji daƙiƙa 30 ya ce ba komai a ciki ya wuce. Tsallaka zuwa tsakiya, inda ganga take ɗaukewa, sauti ya yi ta hawa, sannan komai ya faɗo lokaci ɗaya. Saurari faɗowar farko da ta biyu. Idan ta biyu kwafin ta farko ce ba ƙari ba ragi, mai kiɗan ya yi kasala. Duba kuma ko gangar ƙasa da bes, wato kiɗan nan mai kaurin amo, suna danne juna har sauti ya dagule, da ko muryar mawaƙi tana fita sarai.

Daga 30 ka rage zuwa goma a zaman farko. Ka bar su su kwana. Washegari ka sake ji, wadda ka tashi tana yawo a kanka ta haye, ka tsaya a kan biyar. Mai ƙarancin data ya yi zagayen farko a ƙaramin inganci: kilobit 96 yana cin ƙasa da megabait ɗaya a minti, kilobit 320 kuma megabait 2.4, wato waƙar minti shida ta haura megabait 14. A ajiye babban inganci don goman ƙarshe.

Mataki na shida: rubuta shawarar

Kowace waƙa layi biyu ko uku sun ishe ta: sunan mai kiɗa da na waƙa daidai yadda aka rubuta, salo da sauri, wurin da ta dace, da minti nawa ne abin ji yake. "A jira minti 2:40, inda muryar mata take shigowa kan ganga" ya fi "wannan wuta ce" amfani sau goma. Faɗi siga, domin waƙa ɗaya tana iya samun gajeriya ta rediyo, doguwa ta DJ da sabunta kiɗa har uku. Tabbatar da ranar fitowa a shafin mai kiɗan ko na kamfaninsa, saboda a TikTok da SoundCloud ana ƙara wa tsohuwar waƙa sauri a ɗora ta kamar sabuwa.

Ka kuma dubi wanda zai karɓa. DJ ɗin biki a Kano ko Maraɗi yana neman abin da zai zauna kusa da Afrobeats da waƙoƙin Hausa ba tare da 'yan rawa sun watse ba, don haka amapiyano da hawus na Afirka za ka tura masa, tekno mai bugu 140 zai kore masa fili. Mai karatu ko tuƙin dare yana son mai taushi marar murya. Kafin ka tura wa kowa, duba ko akwai alamar E kusa da sunan waƙar, wadda ke nuna akwai batsa ko zagi a ciki, sannan ka saurari baitocin da kanka har ƙarshe, domin ba kowace waƙa ake saka wa alamar ba, kuma a wurin biki iyaye suna zaune.