Yadda Ake Auna Ayyukan Mai Bincike a Fannin Amosanin Gaɓɓan Yara da Cututtukan Garkuwar Jiki

Ɗalibin da ke neman malamin da zai duba masa aikin digiri, da kwamitin da ke nazarin ƙarin girma, da likitan da ke son sanin maganar wa zai riƙa, dukansu sukan sami kansu gaban dogon jerin maƙalu, su rasa ta inda za su kama. A fannin da ke kula da amosanin gaɓɓan yara, da lufus, da cutar Kawasaki, da sauran cututtukan da garkuwar jiki ke juyowa ta far wa jikin mai ita, ƙidayar maƙalu ta fi saurin ruɗar mutum, domin marasa lafiyar kaɗan ne, kuma yawancin manyan ayyukan na gayya ne. Abin nema shi ne gane abin da mutumin ya yi da hannunsa.

A fara da tabbatar da cewa duk maƙalun na mutum ɗaya ne, domin sunaye kan zo ɗaya, wani kuma yakan sauya jami'a ko yadda yake rubuta sunansa. Lambar ORCID, wato lambar shaidar da ta keɓanta ga kowane mai bincike, wadda aka ƙaddamar a 2012 kuma take da alamomi 16, ita ce ta fi sauƙin raba gardama. Daga nan a duba PubMed, rumbun da ɗakin karatun likitanci na ƙasar Amurka ke gudanarwa kyauta, a gwada abin da ya bayar da na rumbunan Scopus ko Web of Science. Google Scholar yakan fi su yawan adadi, saboda yana kwaso har da kundayen digiri da taƙaitattun bayanan taro, don haka ba a haɗa adadinsa da na sauran a ma'auni guda.

Wajen nema, a tuna cewa sunan babbar cutar fannin, wato amosanin gaɓɓan yara, ya sauya. A da, likitocin Amurka suna taƙaita shi da JRA, na Turai kuma da JCA, kuma sharuɗɗansu ma ba ɗaya ba ne: na Amurka sun ce kumburin gaɓa ya kai mako 6, na Turai suka ce wata 3. Daga baya ILAR, haɗaɗɗiyar ƙungiyar likitocin amosani ta duniya, ta kawo sunan JIA, ta raba cutar gida 7 a gyaran da aka yi a Edmonton a 2001, bisa sharaɗin ta fara kafin yaro ya cika shekara 16, ta kuma kai aƙalla mako 6. Wanda ya nemi sabon sunan kaɗai zai tsallake ayyukan farko na duk manazarcin da ya daɗe a fagen, ya kuma ɗauka cewa jiya ya fara.

Wurin da ya kamata a fi daɗewa shi ne matsayin sunan mutum a cikin marubutan. A al'adar mujallun likitanci, na farko shi ne yawanci ya ɗauki nauyin aikin da rubutun, na ƙarshe kuma shi ne babban da ya jagoranta, na tsakiya suna iya zama komai, daga wanda ya yi lissafin alƙaluma zuwa wanda ya kawo bayanan marasa lafiya biyu daga asibitinsa. Wannan ya fi tsanani a nan saboda babu asibiti guda da zai tara yara isassu, shi ya sa aka kafa PRINTO a Italiya a 1996, ƙarƙashin Alberto Martini da Nicolino Ruperto, aka kuma kafa CARRA a Arewacin Amurka a 2002, don cibiyoyi da yawa su haɗa bayanansu. Maƙalar da ta fito daga irin waɗannan ƙungiyoyi takan ɗauki sunaye da dama, wani lokaci ma sunan mutum yana can ƙarshe a jerin masu haɗin gwiwa. Tattara bayanan yara shekara da shekaru ba ƙaramin aiki ba ne, kuma ban ga dalilin raina shi ba, amma ba daidai yake da tsara tambayar binciken ba. Mujallu da yawa yanzu suna buga sakin layi da ke faɗin abin da kowane marubuci ya yi, sai a karanta shi, a ware maƙalun da mutumin ya jagoranta a gefe guda.

Bayan haka a rarraba ayyukan bisa irinsu: gwajin magani, bibiyar marasa lafiya na tsawon lokaci, aikin ɗakin gwaji kan ƙwayoyin gado ko garkuwar jiki, ƙa'idojin tantance cuta, bitar abin da wasu suka rubuta, da rahoton mara lafiya ɗaya ko biyu. A nan kada ƙarancin adadi ya sa a yi gaggawar hukunci. George Frederic Still ya bayyana nau'in amosanin yara da ake kira da sunansa a 1897 bisa yara 22, Tomisaku Kawasaki kuma ya wallafa bayanin yara 50 a 1967, da harshen Japan. Gwajin maganin etanasef da Daniel Lovell da abokan aikinsa suka buga a 2000 ya fara da yara 69, aka ba kowa maganin, sannan aka raba 51 da suka sami sauƙi gida biyu, wasu suka ci gaba da shi, wasu aka mayar da su kan maganin bogi don a ga waɗanda cutar za ta taso musu. An zaɓi wannan tsari ne don kada a bar yaro mai ciwo tsawon lokaci babu magani, kuma duk wanda ya auna shi da mizanin gwajin manya mai dubban mutane ya zalunce shi.

Ma'aunin h, wanda masanin kimiyyar fiziks Jorge Hirsch ya gabatar a 2005, yana da sauƙin fahimta: idan an ce na wani 20 ne, yana da maƙalu 20 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 20. Yana ƙaruwa da shekaru, ba ya raguwa, kuma ba ya bambanta jagora da ɗan rakiya. Sai a gwada mutum da takwarorinsa na fannin yara da suka fara aiki lokaci guda, ba da masu binciken amosanin manya ba, waɗanda masu ambatonsu suka ninka. Makin tasirin mujalla kuwa, wanda ke nuna matsakaicin yawan ambaton maƙalunta, na mujallar ne, ba na maƙalar ba, kuma sanarwar DORA kan yadda ake auna bincike da aka tsara a San Francisco a 2012 ta yi kira a daina auna mutum da shi.

Sauran aikin karatu ne. A zaɓi maƙalu uku zuwa biyar da mutumin ya jagoranta, a karanta su tun daga hanyar binciken, ba daga kammalawa ba. A duba da me ya auna samun sauƙi. Ma'aunin ACR Pedi 30 na 1997 yana neman ci gaban kashi 30 cikin 100 a abubuwa 3 daga cikin 6 da ake dubawa game da halin yaron, ba tare da fiye da ɗaya ya taɓarɓare da sama da kashi 30 ba, wanda a yau ƙaramin buri ne, tunda ana neman cutar ta lafa gaba ɗaya. Ma'aunin JADAS na 2009 yana nuna ƙarfin cutar a lokacin dubawa. A lura ko an bi yaran tsawon lokacin da zai nuna tasirin cutar da maganin kan girmansu, da kuma ko an duba idanunsu, domin kumburin cikin ido da ke tare da amosanin yara yakan yi ɓarna shiru babu ciwo. Idan gwajin magani ne, a nemi rajistarsa a ClinicalTrials.gov, a ga ko abin da aka ce za a auna tun farko shi aka ba da rahotonsa, a kuma karanta bayanin wanda ya ba da kuɗin aikin.

Kafin a rufe, a duba ko an taɓa janye wata maƙalarsa, abin da PubMed ke sa wa alama, a kuma tabbatar mujallun da ba a sani ba suna cikin MEDLINE ko DOAJ, jerin mujallun da aka tantance. Sannan a rubuta sakin layi ɗaya da ke faɗin tambayar da mutumin ya daɗe yana bi, da maƙalun da suka amsa ta, da ko wata ƙa'idar jinya ta dogara da su, a ajiye alƙaluman ambato a ƙasa tare da sunan rumbun da ranar da aka ɗauko su.