Sola a kan bas: kurakuran da ke kashe batir kafin shekara

Masu bin kasuwannin mako daga Kano, Maigatari ranar Alhamis, Wudil ranar Juma'a, Ɗambatta ranar Lahadi, da direbobin da ke jiran lodi a Dawanau, da yawansu motar ce ɗakin kwanansu. Shi ya sa farantin sola ya fara hawa rufin Hiace da sauran bas-bas. Abin da ke damuna, sau da yawa ba a cika shekara batir ya mutu, mai mota ya koma kwana cikin zufa da sauro, alhali rana muna da ita har ta yi yawa.

Kuskuren farko tun a gida ake yin sa. Mutum zai shiga Sabon Gari ya ce, "Oga, ba ni faranti mai ƙarfi da babban batir," bai san wutar da yake sha a yini ba. Mai shago kuwa abin da ke kan kantarsa zai miƙo. Maganin wannan biro da takarda ne. Kowane kaya an rubuta wat ɗinsa a jiki, sai ka ninka da awannin da zai yi a kunne. Fankar da ke aiki kai tsaye da batir, wat 20 sau awa 9, ya ba ka 180. Ƙwan fitila biyu masu wat 5 na awa 5, 50. Cajin wayoyi, sa 50. Ƙaramin firji na mota a zafin bazara zai iya cin 500 shi kaɗai. Ka ga an tasam ma wat-awa 800 (wat sau awa), wutar da kake sha a yini ke nan. Da wannan lambar ake zuwa kasuwa.

Sai batir, inda mafi yawan kuɗi ke salwanta. Wasu batirin mota suke ƙarawa saboda arha. Shi an yi shi ne don ya buga wuta mai ƙarfi na 'yan daƙiƙu ya tayar da inji, ba don a tatse shi dare guda ba. Ka yi masa haka kullum, 'yan watanni zai gaji. Wasu kuma tubula suke ɗaukowa, irin na inbatar gida. A gida yana da kyau, a mota a'a. Akwai ruwan asid a cikinsa da ramukan hanya za su yi ta girgizawa, yana fitar da iskar haidirojin mai kama wuta idan yana caji, mai amfiya 200 kuma nauyinsa ya kai kilo 60. Ba na ba kowa shawarar ya rufe gilashi ya kwanta kusa da shi. Abin da ya dace da mota shi ne rufaffen batirin darma, jel ko AGM, ko kuma litiyam wanda aka rubuta LiFePO4 a jikinsa.

Ga lissafin da mutane ba su sani ba. Batirin darma mai bolt 12, amfiya 100, a takarda yana riƙe da wat-awa 1,200, amma rabi ne naka. Ka riƙa wuce rabi, kana gajarta masa rai. Ke nan 600 kake da shi, kai kuwa 800 kake buƙata. Litiyam mai amfiya 100 zai ba ka kusan 1,000 ba tare da ya ji jiki ba, nauyinsa wajen kilo 12 maimakon 30, yana kuma jure caji da saukewa sama da sau 2,000, inda na darma ke yin 'yan ɗaruruwa. Ya fi tsada ranar saye. Wanda zai iya, a ganina ya daure. Wanda ba zai iya ba, ya sayi na darma mai amfiya 150 zuwa sama, ya sa ƙaramar mita. Idan batirin ya huta ba komai a kunne, bolt 12.7 cikakke ne, 12.1 kuwa rabi ne, lokacin kashe firji ya yi.

Inda za a ajiye shi ma magana ce. A yawancin Hiace ɗin da ke hanyoyinmu injin yana ƙarƙashin kujerar gaba, duk da haka nan bayan kujerar ake cusa batir. Zafi makashin batir ne: na darma, duk ƙarin digiri 10 a kan 25 yana rage masa kusan rabin kwana, litiyam kuma ba a son yi masa caji sama da digiri 45. Motar da aka kulle a rana cikin Afrilu ta wuce haka. A kai shi baya, a ƙasa, inda iska ke ratsawa, a ɗaure shi tamau.

Shi ma farantin, lambar da ke jikinsa an auna ta ne a digiri 25. A rufin ƙarfe da azahar zai kai 65 ko fiye, ya yi asarar wajen kashi 15 cikin 100. Ka haɗa da ƙurar hunturu da asarar waya, kashi 70 kawai za ka ƙirga, sau awa 5 na rana mai ƙarfi. Don haka mai shan 800 yana buƙatar faranti mai wat 250 zuwa 300. Kada a manna shi da rufin. A bar tazarar yatsu huɗu iska ta bi ta ƙasa. A goge shi da ruwa da tsumma mai laushi da sassafe, kafin ya yi zafi. Kuma buhu ɗaya da ya yi masa inuwa daga kariyar ɗora kaya ta rufin mota zai iya zubar da yawancin wutar, domin ƙwayoyin a jere suke haɗe.

Akwai kuma takardar ƙarya da ake mannawa a jikin faranti. Je da tef ɗin awo. Faranti na yanzu yana ba da wat 200 zuwa 220 a murabba'in mita ɗaya, saboda haka mai wat 300 na gaskiya zai kusa murabba'in mita ɗaya da rabi. In bai kai ba, ka ce masa, "Alhaji, Allah ya ba da kasuwa," ka yi gaba.

Sai kwantirola, na'urar da ke daidaita caji tsakanin faranti da batir, iri biyu ce, PWM da MPPT: babban farantin gida mai ba da bolt 40, ka haɗa shi da batirin bolt 12 ta PWM mai arha, fiye da rabin wutar ta tafi. MPPT ake sa masa.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne waya da fiyus. Inbata mai wat 1,000 a bolt 12 tana jan amfiya kusan 100. Siririyar waya, ko wadda aka yi da alminiyam aka shafa mata jan ƙarfe, za ta yi zafi ta narke, ga katifa ga jarkar fetur a gefe. A kankare bakin wayar a gani kafin a biya, a sa mai kauri kuma gajera, a ɗaura fiyus daf da kan batir mai alamar tarawa. Duk inda waya ta ratsa ƙarfen mota a sa mata roba.

A watan Agusta, in hadari ya rufe kwana biyu, mutane sukan sa mai rewaya ya jona batirin solar da altanetar mota kai tsaye. In litiyam ne zai iya jan wutar da za ta ƙona altanetar, in na darma ne kuma fanka za ta shanye batirin tayar da mota, da asuba sai turi. Tsakaninsu cajar DC-DC ake sawa, wadda ke ƙayyade wutar da batirin ke ja daga altaneta, mai amfiya 20 ko 30 ta isa.