Darasi na 9: Idan Al'ada Ta Ɗauke

Goggo tana soya awara a bakin kasuwa a Garwa. Shekarunta 49. Watanni ke nan ba ta samun barci. Da tsakar dare sai zafi ya taso mata daga ƙirji zuwa fuska, gumi ya jiƙa ta sharkaf har sai ta sake zani. Ko da hunturu, lokacin da kowa ke jan bargo, ita mafici take nema. Ta sha maganin zazzaɓin cizon sauro, shiru. Maƙwabciyarta ta ce iska ce.

Rannan wata mai talla ta kawo mata man shafawa. Ta ce na doya ne zalla, yana maido wa mace ƙuruciyarta, sefa 5,000. Goggo ta juya kwalbar, ta mayar mata, ta ce sai ta yi shawara. Washegari ta tafi asibiti.

Unguwarzoma ta ce, "Goggo, yaushe rabonki da al'ada?"

"'Yar nan, tun kafin azumi. Dā ma tana zuwa tana ɓacewa."

"To, ba ciwo ba ne. Jiki ne ya kai wani mataki."

Ga abin da ta bayyana mata.

A gefen mahaifa akwai ma'ajiyar ƙwai guda biyu. Su ke sarrafa sinadarai biyu da likitoci ke kira istirojin da furojestaron. Tsakanin shekara 45 zuwa 55 yawancin mata sukan ga sinadaran nan sun ja baya. Daga nan zafin jiki, gumin dare, saurin fushi da bushewar gaba suke tasowa. Sai mace ta cika wata 12 cur ba ta ga jini ba ake cewa al'ada ta ɗauke. Kafin nan tana iya yin ciki, kada a manta.

Yanzu batun doya, domin a nan ake cin kuɗin mata. Gaskiya ne, daga wata doyar daji da waken suya kamfanoni ke haɗa sinadarin da ya yi daidai da na jikin mace. Tun shekarun 1940 aka fara wannan aiki da doyar ƙasar Meziko. Amma a masana'anta ake juya shi. Jikin mutum ba ya iya wannan juyi. Ko buhu guda kika cinye, ko kika shafe jiki da manta, doya ba za ta zama furojestaron ba. Kalmar "na gargajiya ne" ko "daga tsiro yake" ba ta nufin abu yana aiki, ba ta kuma nufin ba ya cutarwa.

Maganin gaske, wanda ke mayar wa jiki sinadaran nan, likita ke rubuta shi. Akwai ƙwaya, akwai na shafawa, akwai na mannawa a fata. Macen da ba a cire mata mahaifa ba, ba a ba ta istirojin shi kaɗai, sai an haɗa da furojestaron, don kare mahaifa daga ciwon daji. A 2002 wani babban bincike a Amurka ya tsorata mata, domin ya nuna ƙarin haɗarin ciwon dajin nono da daskarewar jini. Daga baya likitoci suka ga cewa ga mai lafiya da ba ta kai 60 ba, wadda zafin ya hana ta sakat, amfanin yakan rinjayi haɗarin. Wadda ta taɓa ciwon dajin nono, shanyewar ɓarin jiki, daskarewar jini ko ciwon hanta mai tsanani, ba nata ba ne.

Abinci fa? Unguwarzoma ta yi dariya ta ce, "Goggo, kina zaune a kan rabin maganinki." Waken suya yana da sinadari mai kama da istirojin, amma mai rauni. Wasu mata suna jin sauƙi kaɗan, wasu ba sa ji. Babban aikin abinci yana wajen ƙashi, domin ƙashi yana saurin laushi bayan al'ada ta ɗauke. A sha kindirmo, a ci riɗi, zogale, miyar kuka, da ƙananan kifi busassu da ake taunawa har da ƙaya. A riƙa tafiya da ƙafa. Idan shayi mai zafi ko yaji yana tayar miki da zafin, ki rage, musamman da dare.

Abu ɗaya ba ya jira: jini bayan an shekara ba a gani ba. Ko ɗigo ne, a je asibiti a makon.

Aikin aji

Rubuta waɗannan kalmomi sau uku: al'ada, mahaifa, ƙashi, gumi.

Wata nawa ake ƙirgawa kafin a ce al'ada ta ɗauke?

Idan mai tallar man doya ta zo gidanki, me za ki tambaye ta? Ku tattauna biyu-biyu.