Yadda za ka zaɓi masauki in tafiyar birni ta kama ka cikin hunturu

Duk shekara da an gama kaka, an sayar da riɗi da zoɓo da ɗan waken da Allah ya hore, sai kaga mutanenmu na nan gefen Ringim da Taura da Gumel sun fara haramar shiga birni. Wani tsohonsa zai kai asibiti, ciwon da ake ta lallaɓawa tun damina saboda ba kuɗi a hannu, wani kayan ɗakin 'yarsa zai haɗo a kasuwar Kwari ta Kano, wani biki, wani kuma wucewa zai yi Zariya ko Jos. Kuma duk yana faɗowa ne daidai lokacin da sanyi ya kankama, daga ƙarshen Nuwamba har cikin Fabrairu. In kana da ɗan'uwa mai ɗakin baƙi to Alhamdulillahi, amma yanzu gidajen haya sun matse, mutum da matarsa da yara a ciki da falo, kai kuma ka zo da mara lafiya za ku kwana biyu, wani lokacin dole sai an kama ɗaki. Na san da yawa cikinmu suna jin nauyin shiga otal, gani suke wurin shashanci ne. Akwai irin waɗancan, ba a musu, har Hisba kan kai musu samame a Kano, amma akwai gidajen saukar baƙi na mutunci da yawa, inda za ka tarar da malamai da 'yan kasuwa da masu jinya.

Ka sa a ranka cewa duk abin da masu otal suke tallatawa kayan zafi ne. Esi, firij, ƙatuwar talabijin a bango. A watan Janairu a Kano da asuba sanyi kan sauka wajen digiri 12 zuwa 14, me za ka yi da esi? Yawancinsu suna da ɗaki mai fanka da ɗaki mai esi kuma kuɗin ba ɗaya ba, ka ce mai fanka kake so, rarar ka sayi magani ko abinci. Abin da kake biya wa kuɗi a hunturu shine ruwan zafi da asuba, taga mai rufuwa, bargo mai tsafta, da kusanci da abin da ya kawo ka.

Kusancin nan mutane suna raina shi wallahi. Kano ta yi faɗi, tun 2013 aka hana acaɓa, adaidaita sahu za ka hau, ita kuma gefenta a buɗe yake, ka ɗauko dattijo mai tari ƙarfe shida na safe daga Yankaba zuwa titin Zariya iska na dukan ƙirjinsa, kafin ku isa ka ƙara masa wani ciwon. Don haka kada ka ce tunda motar Haɗejiya ko Gumel a Yankaba ta sauke ni bari na nemi ɗaki a nan. In Asibitin Malam Aminu Kano za ku, nemi wajen Gyaɗi-Gyaɗi, Unguwa Uku, Zoo Road ko Tarauni. In na ƙashi ne na Dala, ɓangaren Ƙofar Ruwa da titin Katsina. Masu sari a Kwari da Singa, Fagge ta fi musu, da ƙafa ma sai ka taka. Mai harkar hatsi a Dawanau ba shi da dalilin kwana a Nassarawa. In asibitin koyarwa na Shika aka tura ku, to ka sani asibitin yana wajen garin Zariya ne kan hanyar Funtuwa, Samaru ta fi kusa da shi nesa ba kusa ba akan cikin birnin Zazzau. Ɗaki mai araha da yake can wata uwa duniya, in ka haɗa kuɗin zuwa da dawowa na kwana uku sai ka ga tsada ka saya.

Ka yi sammako daga gida, amma ba irin sammakon da direba zai kutsa cikin hazo bai ganin gabansa ba. So ake ka isa tsakanin azahar da la'asar. Yawancin otal ƙarfe 12 na rana ake sallamar baƙin jiya, daga nan ake gyara ɗakuna, kaga a lokacin kana da zaɓi kuma da hasken rana za ka duba komai. A Disamba wajen ƙarfe shida rana ta faɗi, wanda ya iso bayan isha'i da gajiya da mara lafiya a kafaɗa duk ɗakin da aka miƙo masa karɓa zai yi.

To ka shiga, ka yi sallama a wajen karɓar baƙi. Kada ka fito da kuɗi tukuna. Ce masa, Malam don Allah ina so na ga ɗakin kafin na biya. Mai gaskiya zai ɗauko makulli ya haɗa ka da yaro. Wanda ya ce sai ka biya za ka gani, yi masa godiya ka kama gabanka. Ai ko akuya ba ka saye sai ka buɗe bakinta ka ga haƙora.

Da ka shiga fara da taga. Irin mai gilashi jere-jere ɗin nan ta da, luba, ita ce babbar matsala, sau da yawa za ka ga gilashi ɗaya ko biyu ya fashe an toshe da kwali an saki labule a kai. Ɗaga labulen. Sa bayan hannunka a gefen tagar ka ji ko iska na shigowa, sannan ka shafa yatsa akan teburin gefen gado, in ya fito da jar ƙura bayan sun ce yau aka share, to ɗakin yana shan iska ta wani wuri. Duba ƙasan ƙofa ma. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, saboda haka ɗakin da tagarsa ke kallon can ya fi sanyi da ƙura, in da hali ka nemi wanda ke kallon yamma ko kudu ko tsakar gidan. Mai asma ko tsoho mai tari kada a sa shi a ɗaki mai tsohon kafet, ƙura ce danƙare a ciki, gara tayil ko da ya fi sanyi, silifas da darduma mai kauri sun magance wannan.

Sai gado. Yaye zanin, ka ɗaga gefen katifa ka duba ɗinkin bakinta. In ka ga ɗigo-ɗigo baƙaƙe kamar an yayyafa tawada, kuɗin cizo ne, kuma ba cizon daren kaɗai ba, bin jakarka zai yi har gida ya addabi iyalinka. Ɗauki bargon ka shinshina. Wasu wuraren bargo ɗaya ne tun bara ba a wanke ba, wasu kuma babu ma, mayafi ne shara-shara. Tambayi ko za a ƙara maka na biyu kuma ko da kuɗi. Ni dai shawarata ka naɗo naka daga gida, ba nauyi gare shi ba kuma ka san wanda ya rufa da shi.

Maganar ruwan zafi a nan ake yawan samun saɓani. In ka ce akwai ruwan zafi? Za a ce maka akwai Alhaji. Ba tambayar kenan ba. Tambayar ita ce, da asuba ƙarfe biyar akwai? Domin hitar bango sai da wuta, in an kashe janareto ƙarfe 12 na dare kuma ba a kawo wuta ba, to akwatin ƙarfe ne kawai maƙale a banɗaki. Ka ce, Malam ƙarfe nawa kuke tada inji, ƙarfe nawa kuke kashewa, in babu wuta akwai mai dafa ruwa ya kawo a bokiti? Wurare da yawa masu sauƙin kuɗi haka suke yi, yaro ya ƙwanƙwasa ya ajiye maka bokiti yana tururi, kuma wallahi wannan ya fi hitar da ba ta aiki sau dubu. Kunna famfon da kanka ka jira ka ji. Wasu za su ce maka ai mu layin Band A muke, wato waɗanda aka yi wa alƙawarin wutar awa 20 a rana, ka ce madalla, amma in ta ɗauke fa? Mai sola ma ka tambaye shi, don hazo yana rage ƙarfin rana, batir kan mutu kafin asuba, kuma yawanci ba a ɗora masa hita.

Yanzu ga wadda nake roƙon ka da girman Allah kada ka yi wasa da ita. Kada ka shiga da kaskon gawayi ɗakin otal ka rufe ƙofa da taga. A gida mun saba jin ɗumi, amma ɗakunanmu na ƙasa da zaure suna shaƙar iska, ɗakin siminti mai gilashi ba haka yake ba. Gawayi yana fitar da wata iska mai guba, kabon monoksaid, ba ta da wari ba ta da launi, farko ciwon kai da jiri da kasala, sai barci, wasu daga barcin nan ba sa tashi. Hayaƙin janareto ma ita yake fitarwa, shi ya sa in ka leƙa ta taga ka ga injin a gindin ɗakin, ce a canza maka. Hitar bokiti mai zagayen ƙarfe kuma, in ka zo da ita, zare ta daga soket kafin ka tsoma hannu ka ji ko ruwa ya yi, kada ka bar ta a kunne ka fita sallah, kada ka bar yaro kusa da ita. Hunturu lokacin gobara ne, komai a bushe ga iska, kuma tagogin otal duk da ƙarfe a jiki. Kafin ka kwanta ka san ina matakala take, akwai wata ƙofar ta baya, kuma in an kulle get da dare wa ke riƙe da makulli. Da tsoho ko mai ciwon ƙafa, ɗakin ƙasa kawai.

Jos kuwa lissafinta daban. Garin yana kan tudu, kusan mita 1,200 sama da teku, sanyin da ka sani a Jigawa ka ƙara masa, dare a Disamba da Janairu yakan kai digiri 10 ko ƙasa da haka, ruwan famfo sai ka ji kamar yana yankan hannu. Can bargo biyu da ruwan zafi ba a ma tattauna su, in babu ka wuce gaba. Ka tafi da safa da hular sanyi da rigar sanyi mai kauri. Sannan kafin ka tashi ka kira wani naka da yake zaune a garin ya faɗa maka unguwar da za ka sauka, kada ka zaɓa don hoto ya burge ka a waya, mazauna gari su suka san inda baƙo zai sake. Masu sarin dankali da kayan lambu a Farin Gada yawanci wajen Bauchi Road ya fi musu sauƙi. Ƙarshen Disamba garin cike yake da masu hutun Kirsimeti, ɗaki na wahala, ka kira tun da wuri. Kano ma haka take in ana baje kolin kasuwa a Zoo Road wajen ƙarshen shekara, ga bukukuwa kowane ƙarshen mako.

Wajen biya, kwana ɗaya za ka fara biya ko da sati za ka yi, in daren farko ya yi daɗi sai ka nemi ragi akan sauran, suna yi. Tambayi ko kuɗin da aka faɗa har da haraji, don manyan otal suna ɗora VAT na kashi 7.5 a kai, wasu har da kuɗin hidima. Karɓi rasit. In tiransfa za ka yi, duba sunan asusun ya zama na otal ɗin. Wanda ka gani a Facebook ya ce turo rabi na ajiye maka ɗaki, alhali ba ka da kowa da zai je ya gano maka wurin, kada ka tura ko sisi. Riƙe katin shaidarka a aljihu, wurin kirki sai sun rubuta sunanka, kuma wannan alama ce mai kyau.

In da mace a tafiyar, Inna ce ko uwargida, tsaya a bakin get minti biyar ka kalli masu shiga da fita, ka saurara ko akwai kiɗa da mashaya a ciki. Mai shayin da ke kusa ko limamin masallacin layin za su gaya maka gaskiyar wurin in ka gaishe su da ladabi. Daga nan ma sai ka san inda za ka sami jam'in asuba, da mai koko da ƙosai, da inda za a cika maka filas da ruwan zafi tun dare saboda alwalar tsoho da shan magani. Ka sa man kaɗe ko basilin a jaka, da tocila, da makullin kwaɗo ƙarami, da cajar waya mai doguwar igiya don soket ɗin sau da yawa can bayan gado yake.