Yadda Ake Bin Salsalar Uba Zuwa Zamanin Mulkin Ingila a Amurka da Gwajin DNA da Tsofaffin Takardu

Turawan Ingila sun kafa Jamestown a Virginia a 1607, wasu suka sauka Plymouth a 1620, mulkin mallakarsu bai ƙare ba sai da aka shelanta 'yancin Amurka a 1776. Wanda ke son tabbatar da cewa shi tsatson wani mutum ne da ya rayu a wannan tsakani, haihuwa goma zuwa goma sha biyu ce ke gabansa, kuma kowace sai ya kafa mata hujja. Takarda tana faɗin suna, amma tana ƙonewa, wani lokaci ma ta faɗi abin da ba haka ba. Gwajin DNA kuwa bai san sunan kowa ba, iyakarsa ya ce maza biyu kakansu ɗaya ko a'a. Aikin duka shi ne a sa ɗaya ya binciki ɗaya.

Gwajin da ake nufi a nan na ƙwayar Y ne, wadda namiji kaɗai ke da ita, yake kuma gadonta daga ubansa kusan ba sauyi. Layi ɗaya tak take bi: uba, kaka, uban kaka, har sama. Dangin uwa ba su cikin lissafi. Mace ba ta da ita, don haka sai ta nemi mahaifinta, ko ɗan'uwanta da suke uba ɗaya, ko baffanta, ko ɗan baffa.

Mataki na farko: takarda, daga kanka zuwa baya

Kada ka fara da sayen gwaji, kada kuma ka fara da wani sanannen mutum na 1650 mai irin sunanku ka ce za ka gangaro. Da haka ake ɗinka salsalar ƙarya. Fara da kanka, ka haɗa kowane ɗa da ubansa da takardar haihuwa, ta aure, ta mutuwa ko wasiyya.

Ƙidayar jama'a ita ce tsanin farko. Ana buɗe ta bayan shekara 72, shi ya sa ta 1950 ce ta baya-bayan nan da ke hannun jama'a. Ta 1890 kusan duk ta lalace a gobarar 1921 a Washington, sai ka tsallake daga 1900 zuwa 1880. Daga 1850 ne aka fara rubuta sunan kowane mutum a gida, ban da bayi. Daga 1840 zuwa 1790 sunan magidanci kawai za ka gani, sauran mutanen gida adadi ne. Yawancin masu bincike nan suke cijewa. Shafin FamilySearch yana da hotunan waɗannan takardu kyauta.

Rubuta mutum na ƙarshe da ka tabbatar da shi, da shekara, da gundumar da ya zauna. Sannan ka tsara tambaya guda wadda gwaji zai iya amsawa, misali: shin wannan mutum da ya rasu a Kentucky a 1820 ɗan gidan nan ne na gundumar kaza a Virginia?

Mataki na biyu: wa za a gwada

Nan ne aka fi ɓarnar kuɗi. Gwada kanka da ƙanenka da ɗan baffanku ba zai gaya maka komai a kan mutumin 1700 ba, domin ku duka a kakanku kuka haɗu. Abin da ake so shi ne maza biyu da suka fito ta 'ya'ya biyu daban na tsohon kakan da ake magana a kai. Idan ya haifi 'ya'ya maza uku, bi zuri'ar kowannensu ta maza zalla har zuwa yau, ka samo mai rai ɗaya daga kowane ɓangare. Wannan gangarowa ta fi hawan wuya, don layuka da yawa a kan 'ya'ya mata suke tsayawa.

Idan biyu suka dace, layukan biyu sun tsira har zuwa mahaɗarsu. Idan suka saɓa, ba ka san wanne ne ya tsinke ba sai na uku ya raba gardama. Fara da mafi tsufa a dangi, tunda shi ne ya fi kusa da asali kuma shi ake tsoron rasawa. Ka gaya masa tun farko cewa gwajin na iya tono abin da gidansu bai sani ba, ya amince da bakinsa.

Mataki na uku: wane gwaji

Gwajin AncestryDNA da mutane suka fi sani ba shi ake nufi ba, wannan na dangi ne ta kowane ɓangare, kuma ƙarfinsa yana dusashewa bayan haihuwa biyar ko shida. Na 23andMe yana faɗin babban reshen Y kawai, wato babbar zuri'ar maza da suka fito daga wani kaka mai nisa sosai. Kamfanin da ke da mafi yawan sakamakon Y na kwatantawa shi ne FamilyTreeDNA a Houston, sai YSEQ a Jamus mai gwada alama ɗaiɗai da sauƙin kuɗi.

Alamomin da ake dubawa iri biyu ne. Na farko, STR: wurare ne da wasu haruffan DNA ke maimaita kansu, sai a ƙirga sau nawa. A wurin da ake kira DYS393, alal misali, wani 13 ne, wani 14. Gwajin Y-37 yana ƙirga wurare 37, Y-111 kuma 111. Na biyu, SNP: sauyin harafi guda ne da ya auku a jikin mutum ɗaya, duk zuri'arsa maza suka gada, kamar tsagar gado da ba ta gogewa. Gwajin Big Y-700 ke nemo su, kuma a matsakaici sabo yakan fito bayan haihuwa biyu ko uku.

A ganinmu Y-37 na tantancewa ne: ka ga ko kana cikin gidan ko ba ka ciki. Rarrabe wa da ƙane a shekarun 1700 kuwa aikin Big Y ne, shi ma sai an gwada mutum biyu ko fiye, domin sauyin da aka gani a jikin mutum ɗaya kaɗai ba ya zama reshe mai suna sai an same shi a jikin wani.

Ɗaukar samfurin ba wuya. Tsinke biyu ne masu auduga, a goga kowanne a cikin kumatu kamar minti ɗaya, bayan an yi awa guda ba ci ba sha. Idan tsoho ne a goga da kyau, don kamfanin yana ajiye samfurin, ana iya ƙara gwaji a kansa daga baya. Da sakamako ya fito, shiga ƙungiyar masu irin sunanku a shafin FamilyTreeDNA, kyauta ce, masu kula da ita su ke jera mutane gida-gida.

Mataki na huɗu: karanta sakamako

Za ka ga jerin maza, kowanne da lambar tazara, wato yawan bambancin da ke tsakaninku. A Y-37 ana nuna wanda tazararku ba ta wuce 4 ba, a Y-111 kuma 10. Tazarar 0 zuwa 2 a alama 37, ga suna ɗaya, ga gunduma ɗaya, alama ce mai ƙarfi. Tazarar 4 da wani suna daban tana iya komawa tun kafin Turawa su fara sunan gida.

Dacewa a alama 12 ko 25 kada ta ruɗe ka, musamman in reshenka R-M269 ne, wanda shi ne na yawancin mazan Yammacin Turai. Lambobi suna hawa suna sauka, har baƙi biyu su yi kama bisa katari. Wasu wuraren kuma, irin CDY da DYS576, saurin sauyawa gare su, har uba da ɗa suna iya bambanta a kansu. SNP ne ke yanke hukunci: in ba reshe ɗaya kuke ba, kamannin lambobi banza ne.

Babban reshe yana nuna nahiya ne kawai: I-M253 ya fi yawa a arewacin Turai, Q-M3 na 'yan asalin Amurka ne, E-M2 na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya. Bahaushen da ya yi gwaji ya ga R1b, babban reshen da R-M269 da R-V88 duka suka fito daga cikinsa, kada ya ce kakansa Bature ne. Reshen R-V88 ya daɗe dubban shekaru a yankin Tafkin Chadi, kuma yana da yawa a cikin masu harsunan Chadi, har da Hausawa.

Mataki na biyar: komawa takardun zamanin mallaka

Gwaji ya nuna maka gida, saura ka gano ɗaki. A New England, yankin arewa maso gabas inda Plymouth take, aikin ya fi sauƙi, don garuruwa suna rubuta haihuwa da aure da mutuwa tun shekarun 1600. A Virginia sai an bi ta gona da haraji da gado. Tun 1618 duk wanda ya biya kuɗin jirgin mutum ɗaya ana ba shi eka 50, kuma takardar mallakar filin tana jera sunayen waɗanda aka kawo. Sai dai ana sayar da wannan haƙƙi hannu zuwa hannu, don haka shekarar takardar ba ita ce shekarar isowa ba, gundumar filin ma ba lallai nan mutumin ya zauna ba. Jerin masu biyan haraji yana sa namiji daga shekara 16, to ranar da yaro ya fara bayyana a ƙarƙashin sunan ubansa ka samu kusan shekarar haihuwarsa.

Ga tarkunan da suka fi kama mutane. Kafin 1752 shekara a Ingila da yankunanta tana farawa ne ranar 25 ga Maris, shi ya sa za ka ga an rubuta 10 ga Fabrairu 1701/2. Wanda bai sani ba sai ya ga wasiyyar da aka rubuta a Disamba 1701 an tabbatar da ita a kotu a Fabrairu 1701, ya ɗauka mutum biyu ne. Kalmar "Junior" a lokacin ba ta nufin ɗa, ƙarami ne kawai cikin masu suna ɗaya a gari. "Cousin" tana iya zama ɗan wa ko ɗan ƙane, "son-in-law" kuma tana iya zama agola. Rashin sunan ɗa a wasiyya ba hujja ba ne cewa ba ɗa ba ne: a Virginia ta lokacin babban ɗa ke gaje fili in ba a yi wasiyya a kansa ba, wani kuma an riga an ba shi rabonsa tun da rai. Gundumomi suna rabuwa, mutum yana zaune a gonarsa takardunsa su watsu a gunduma uku.

Sai gobara. Takardun gundumomi irin su Hanover da New Kent da Gloucester sun salwanta, da yawansu a wutar Richmond ta Afrilu 1865. A irin nan sai a nemi rajistar coci, da takardun filaye na gwamnatin mallaka da ke Laburaren Virginia, da na gundumomin maƙwabta. A nan ne kuma gwajin Y ya fi amfani, don wani lokaci shi kaɗai ya rage.

Idan jini ya saɓa wa suna

Kafin a zargi wata kaka, a duba abubuwan da suka fi yawa: maraya da aka riƙa ya ɗauki sunan mariƙinsa, agola, ɗan da ya ɗauki sunan gidan uwarsa, ko kuskuren mai binciken da ya haɗa mutum biyu masu suna ɗaya. Mutanen Wales da Holandawan da suka zauna New York kafin Ingila ta karɓe ta a 1664 kuwa, da yawansu sunan uba suke ɗauka kamar yadda muke yi, sunan yana sauyawa a kowace haihuwa.

Ga zuri'ar bayi lamarin daban ne. Dokar Virginia ta 1662 ta ce ɗa matsayin uwarsa yake bi, don haka ɗan da ubangida ya haifa da baiwarsa bawa ne, kuma ba takardar da za ta kira shi ɗa. Ƙidayar 1870 ce ta fara rubuta sunayen waɗanda aka 'yanta bayan soke bauta. Kafin nan sai a neme su a wasiyya da lissafin dukiyar mamaci, inda aka jera su da suna ɗaya da farashi.

Lamarin gidan Thomas Jefferson, shugaban Amurka na uku, ya nuna iyakar gwajin sarai. Bai bar ɗa namiji ta wajen matarsa ba, sai binciken 1998 ya gwada zuri'ar baffansa Field Jefferson. Suka dace da wani daga zuri'ar Eston Hemings, wanda Sally Hemings, baiwar Thomas Jefferson, ta haifa a 1808. Ba su dace da zuri'ar Thomas Woodson ba, wanda danginsa ke cewa shi ma ɗan Jefferson ne, kuma gidan Carr da aka daɗe ana ɗora wa haihuwar Eston bai dace da shi ba. Abin da gwajin ya ce shi ne uban Eston namiji ne daga gidan Jefferson, bai ce wanne ba. Littattafan Jefferson na gona da na kuɗi ne suka nuna yana gidansa na Monticello wata tara kafin haihuwar kowane ɗan Sally, da wannan yawancin masana tarihi suka tsaya a kansa.

Tsallaka teku

Haɗa baƙon da ya sauka Amurka da ƙauyensu a Ingila shi ne mafi wuya. An fara rajistar coci a Ingila a 1538, kodayake da yawa ba su kai can baya ba. Wasiyyoyin babbar kotun Canterbury, waɗanda suka kai har 1858, suna ma'adanar ƙasa a Kew da ke Landan, kuma a cikinsu akan ci karo da uba yana bar wa ɗansa "da ke Virginia" wani abu. In ka samu ƙauyen da kake zato, nemo namiji mai sunan wanda zuri'arsa ba ta taɓa barin yankin ba, ka bi salsalarsa a takarda zuwa shekarun 1600, ka biya masa Y-37. In ya dace, sannan a ɗaga gwajinsa zuwa Big Y a ga ko reshen da kuka haɗu a kai ya faɗo kusa da shekarar da kakanka ya shiga jirgi.